Abin da teku ya bari a kan laka

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin halittu a gidan nan. Jiya Asabar da hantsi muka fita da yara bakin teku a Sandgate, arewa da birnin Brisbane nan Ostiraliya. Muka tarar ruwa ya janye, ya bar fili na laka da yashi iya ganinka. A kan filin ga wasu abubuwa birjik, garai-garai kamar ƙanƙara amma da taushi, kowanne a lanƙwashe kamar jinjirin wata, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Kafin in ce kul Ilham ta riga ta ɗauki ɗaya. Ba ya motsi, ba baki ba ido, kuma ba ya wari. Da na karɓa na ɗaga shi saitin rana sai na ga ɗigo-ɗigo a cikinsa, ƙanana ƙwarai kamar an barbaɗa garin gero. Ganin yadda rana ke dukansu sai tausayi ya kama ni, muka cika bokitin wasan yara har sau uku muna kai su inda ruwa yake muna juyewa. Ɗaya kuma na taho da shi gida a kwalba da ruwan teku. Ga hotonsa nan. Don Allah mene ne wannan abu? Kuma daidai na yi da na kwashe su?

Abban Hafsat:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, don Allah a ja wa yara kunne. Da ganin hoton nan jelifish ne ya fara zo mini a rai, wannan halittar mai kama da lema da ke yawo a ruwa. Mu nan Port Sudan mun san zafinta, ko guntunta ne ya taɓa fatar yaro sai ya kwana yana susa. A duba hannun yarinyar.

Maman Ilham:
Hannunta lafiya lau, Alhamdu lillahi. Ni ma na riƙe shi na fi minti goma, ban ji komai ba sai sanyi da santsi.

Sa'adatu:
Anti, ba shara ba ce kuwa? Abin da ke cikin famfas ɗin yara haka yake kumbura idan ya sha ruwa.

Malam Garba:
A'a Sa'adatu, shara ba ta fitowa da siffa iri ɗaya ɗaruruwa a wuri guda. Shekara ashirin da biyu ina koyar da ilimin halittu a sakandare nan Zariya, teku kuwa sau ɗaya na taɓa ganinsa a Legas, amma ɗigon da ta ambata ya ishe ni shaida. Ƙwai ne. Duk wanda ya yi wasa a kududdufi da farkon damina ya san ƙwan kwaɗo: baƙaƙen ɗigo a cikin yauƙi, wani a cure, wani a jere kamar carbi. Wannan ɗan'uwansa ne ta fuskar dabara. Abin da ya rage shi ne mu san uwar da ta saka shi.

Zainab:
Malam ya faɗi gaskiya, ƙwai ne. Ni ɗaliba ce a fannin halittun teku a Bremen, ƙasar Jamus, kuma wannan curin sananne ne a wurinmu. Na wani dodon koɗi ne na teku, masana suna ce masa Conuber sordidus, a da kuma Polinices sordidus. Gidansa gaɓar gabashi da kudancin Ostiraliya, musamman irin wannan fili da ruwa ke rufewa yana buɗewa, kamar Moreton Bay, gaɓar tekun Brisbane inda Anti take. Lokacinsa ne ma yanzu, don Oktoba a can bazara ce, ruwa ya fara ɗumi.

Ba ku gan shi ba saboda a ƙarƙashin yashi yake tafiya, sai dai ki ga ɗan tudu yana matsawa a hankali, ya bar layi a bayansa. Maharbi ne. Idan ya samu ƙumba, irin mai ɓawo biyu ɗin nan, sai ya naɗe ta da faffaɗar ƙafarsa, ya zuba wani ruwa mai tausasa ɓawon, ya riƙa kankara da harshensa mai ƙananan haƙora har ya huda, sannan ya cinye naman ta ƙofar. Anti, idan kun koma ki duba ɓawon da ke zube a wurin. Za ki ga wasu da huda guda ɗaya, zagayayya tsaf, bakinta a faɗe ƙasanta a tsuke, kamar maƙeri ya yi. Aikinsa ne. Har ƙananan shuɗɗan kaguwar nan masu tafiya runduna guda a kan laka an gan shi yana kamawa.

Abban Hafsat bai yi kuskure ba da ya yi gargaɗi. Wannan ba ya harbi, amma a gaɓar nan akwai masu yi, har da ƙaramar dorinar ruwa mai shuɗɗan zobba a jiki, wadda dafinta ke kisa, kuma takan ɓuya cikin ɓawo. Yaro kada ya ɗauki abin da babba bai gani ba.

Maman Ilham:
Ikon Allah! Wallahi mun ga masu hudar, Ilham har ta tara su za ta yi sarƙa. To amma Zainab, na duba hoton dodon koɗin, bai fi goro girma ba. Ta yaya zai saka abin da ya ninka shi?

Zainab:
Anti, kin san ƙaro idan an jiƙa shi ya kwana? Ɗan guntu ne za ki jefa a kofi, da safe ki tarar ya cika wuri. Haka wannan. Uwar tana fitar da ƙwan a cikin yauƙi mai kauri, ɗan kaɗan, shi kuma ya zuƙi ruwan teku nan da nan ya kumbura. Abin da kika riƙe a hannu kusan duk ruwa ne. Ɗigon da kika gani kuwa kowanne ƙwai ne a cikin 'yar jakarsa, kuma dubbai ne a curi ɗaya.

Malam Garba:
Wato yauƙin shi ne guzurin 'ya'yan, kamar farin ƙwan kaza. Haka nake gaya wa ɗalibaina game da na kwaɗo.

Zainab:
Malam, a gafarce ni, nan kam ina da ja. Guzurin yana cikin ƙwan da jakarsa. Yauƙin ruwa ne da ɗan abin da ya riƙe shi, ba abinci ne na a zo a gani ba. Aikinsa daban ne, kuma sai mutum ya tsaya a filin laka da tsakar rana zai gane shi.

Wurin nan sau biyu a yini yake zama teku, sau biyu yake zama tudu. Idan ruwa ya janye, rana ta buɗe, ɗan ruwan da ya kwanta a kwari yana ɗumama, gishirinsa yana ƙaruwa saboda tururi. In kuma aka yi ruwan sama a daidai lokacin, gishirin ya salance farat ɗaya. Ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba, da tsirara yake, minti kaɗan zai bushe. Yauƙin shi ne randarsa: yana riƙe danshi, yana rage saurin sauyin gishiri, kuma ƙananan maciya ƙwai ba sa iya tsintarsu ɗaya-ɗaya cikin sauƙi. A Jami'ar Wollongong, can Ostiraliya, Kirsten Benkendorff ta gwada curin ƙwan dodon koɗi iri-iri, ta samu da yawansu suna ɗauke da sinadaran da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Sai dai randar nan tana da tsada, kuma nan ne abin ya fi burge ni. 'Ya'yan suna numfashi. Iskar oksijin kuwa tafiyarta a cikin ruwa ta fi ta cikin iska nawa kusan sau 10,000, kuma a cikin yauƙi ruwa ba ya gudu balle ya kawo sabuwa. Ba jijiya, ba ƙofa, sai dai ta ratsa daga waje a hankali. Na bakin gefe su sha, na tsakiya su samu ragowa. A 1995 David Booth na Jami'ar Queensland, nan Brisbane inda Anti take, ya soka siririyar allurar awo a cikin irin wannan curin. Ya samu kaurinsa a matsakaici milimita 37 ne, amma kashi 65 cikin ɗari na ƙwan suna cikin milimita 3 na bakin waje. Wato uwar ta jera yawancinsu kusa da iska. Ya kuma samu cewa yayin da 'ya'yan ke girma oksijin na tsakiya yana yin ƙasa sosai, na can ciki su yi jinkiri, na waje su riga su ƙyanƙyashewa. Idan na waje suka fita, masu shan iskar sun ragu, sai na ciki su samu su ƙarasa.

Anti, ki sake ɗaga na kwalbar saitin fitila, ki gaya mana ina ɗigon ya fi yawa.

Maman Ilham:
Na duba yanzun nan da fitilar waya. Haka ne! A jikin bango suka taru, tsakiyar kusan fayau take.

Malam Garba:
Na karɓi gyara, Malama Zainab, Allah Ya ƙara basira. Gobe Litinin zan gyara wa 'yan ajina. Yanzu na fahimci abin da ya sa ba a cusa ƙwan a matse ba: yauƙin yana raba su ne don kada su ƙwace wa juna numfashi. Kuma ke nan zafi bugu biyu yake yi musu, tunda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi, jiki kuma ya fi bukatarsa idan ya ɗumama.

Zainab:
Daidai Malam. Wannan batu na tazara tsakanin ƙwai Richard da Megumi Strathmann sun yi aiki a kansa a tashar bincike ta Friday Harbor, jihar Washington a Amurka. A can kuma aka gano wani abin: ƙananan gansakuka da ke manne wa curin suna samar da oksijin da rana, har su taimaki 'ya'yan da ke ciki. Da dare kuwa su ma shan iskar suke yi, sai a koma rabo.

Maman Ilham:
To ku dawo kan tambayata ta biyu, don ita ta hana ni sukuni. Waɗanda na kwashe na zuba a ruwa, na cuce su ke nan?

Malam Garba:
Ba zan ce kin cuce su ba, niyyarki alheri ce. Amma ra'ayina kada a ƙara. Uwar nan ta san filin fiye da mu, kakanninta a nan suka saka nasu. Ruwan da ya tafi zai dawo, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke ƙara jinkiri da kusan minti 50, yana bin wata. Abin da kika gani a rana awa kaɗan ne zai yi. In kowane mai ziyara zai cika bokiti uku, ana cakuɗa su ana jifa, ɓarnar hannu za ta fi ta rana.

Zainab:
Na yarda da Malam a kan waɗanda ke kwance a jiƙaƙƙiyar laka, a bar su. Inda na bambanta da shi shi ne na can sama. Curin wannan dodon koɗin ba a ɗaure yake da komai ba, igiyar ruwa na mirgina shi. Akwai wasu irin, kamar wanda ake nazari a Friday Harbor, da ke kafe nasu da zare a cikin yashi, amma ban da wannan. Saboda haka iska kan tura wasu har busasshen yashi, inda ciyawar teku ke taruwa. Cikowa kuma ba kullum take kai wuri ɗaya ba: ta fi ƙarfi wajen tsayuwar wata da daren sha huɗu, ta yi rauni a tsakani. Wanda babbar cikowa ta jefa sama yana iya yin kwanaki ruwa bai sake taɓa shi ba. Irin wannan in mutum ya ɗauke shi a hankali ya ajiye a kwarin da ke da ruwa, ban ga laifi ba.

Malam Garba:
Ni dai ina tsoron ƙofar da wannan zai buɗe. Wa zai tsaya ya tantance na sama da na ƙasa? Yara za su ga babba ya ɗauka, su ma su ɗauka. Kuma wanda ya bushe a sama bai tafi a banza ba, wasu ƙananan halittun za su ci. Dubbai ake sakawa domin an san kaɗan ne za su kai.

Zainab:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Malam, ban da amsar da ta fi ta. Ni dai in na gani a gabana hannuna ba zai iya wucewa ba. Abu ɗaya da ba ja a kansa: Moreton Bay wurin kiyayewa ne, yana cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayin duniya da aka amince a kiyaye, tun 1993, kuma akwai sassan da doka ta hana ɗaukar komai. Anti, ki riƙa duba allon da ke bakin gaɓa kafin a sa wani abu a kwalba.

Abban Hafsat:
Ina ta bibiya ina mamaki, don mu a nan Bahar Maliya ruwa kusan ba ya janyewa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma kun tuna mini wani abu. Na taɓa tsintar wani abu a ruwa marar zurfi, kamar wuyan tulu da aka fasa, da yashi aka yi shi amma yana lanƙwasuwa kamar roba. Na ajiye shi a mota, washegari ya bushe, ina taɓawa ya ruguje. Na ɗauka wani tarkacen jirgi ne.

Zainab:
Yaya, ƙwai ka ɗauko! Dangin wannan dodon koɗin ne, gida ɗaya suke, Naticidae. Yawancinsu ma haka suke yi: uwar tana cakuɗa ƙwai da yashi da yauƙi, ta murza shi a kewayen jikinta, shi ya sa yake fitowa kamar gammo mai buɗaɗɗen gefe. Sirantarsa ita ce maganin matsalar numfashin da muka yi magana, ko'ina kusa yake da ruwa. Na Ostiraliyan nan mai zallar yauƙi shi ne ya fita daban a dangi.

Kuma kada mu ɗauka duk curin da ke kan laka na dodon koɗi ne. A tekun Wadden, nan gaɓar arewacin Jamus, da muke zuwa aiki, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2009, da bazara za ka ga korayen ƙwallaye masu yauƙi kamar 'ya'yan inabi. Waɗannan na tsutsar teku ne.

Kawu Isa:
Ina karanta ku tun jiya. Ban raina ilimi ba, Allah Ya sani. Amma ina tambaya tsakani da Allah: mu da ke Gusau da Maraɗi, tsakaninmu da teku tafiyar kwana da yini, me sanin ƙwan dodon koɗin Ostiraliya zai ƙara mana? 'Yarmu Zainab ta tafi har Jamus, na so a ce abin da take karantawa zai dawo ya yi wa mutanenmu magani.

Ɗan Kura:
Kawu, a ba ni dama in amsa, don wannan ya shafi aikina. Ni ma'aikacin lafiya ne a yankin noman rani na Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke zuwa ta magudanai. Cutar da muka fi gani a jikin yara maza masu wanka a kanal ita ce tsargiya, fitsarin jini. Har yau akwai iyayen da ke ɗaukarsa alamar balaga. Ba balaga ba ce, tsutsa ce a jijiyoyin mafitsara, kuma ba ta iya kaiwa ga mutum sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi, Bulinus. Theodor Bilharz ya ga tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai 1915 Robert Leiper ya tabbatar da hanyarta ta cikin dodon koɗi, a Masar ɗin dai.

To wannan Bulinus ɗin, Kawu, ƙwansa a cikin yauƙi yake sakawa. Na sha juya ganyen bado a bakin kanal in nuna wa yara: ɗan tabo ne garai-garai, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, a manne a bayan ganyen, da ɗigo a jere a ciki. Har a jikin ledar da aka yar da guntun kara ina samunsa. Nasa ba ya fitowa ya yi yawo a ruwa kamar na teku, cikin mako ɗaya zuwa biyu ɗan dodon koɗi ne cikakke zai rarrafo. Wasunsu ma ba sa bukatar abokin barbara, guda ɗaya ya isa ya cika kududdufi. Da rani kuma su shige laka su lafe har ruwa ya dawo.

Duk abin da Zainab ta faɗa, yadda yauƙi ke kare ƙwai daga bushewa da abin da ke ratsa shi da wanda ba ya ratsawa, shi ne tambayar da mai son raba kanal da dodon koɗi yake yi. Misali a Habasha, Aklilu Lemma ya lura a 1964 cewa dodon koɗi na mutuwa a inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro, endod. Magani ne na gaske, amma manyan yake kashewa, ƙwan su tsira, dole sai an maimaita bayan sun ƙyanƙyashe. Wanda bai san rayuwar ƙwan ba zai zuba sau ɗaya ya tafi, bayan wata guda ya tarar an koma gidan jiya.

Kawu Isa:
To, wannan magana ta shiga. Ashe abin na ƙofar gidanmu. Ƙwan nasa shi ma yana ɗauke da cutar ne? Kuma mu ba mu da irin wannan tsiro?

Ɗan Kura:
Ƙwan ba ya ɗauke da ita, Kawu. Ɗan dodon koɗi da tsabtarsa yake fitowa. Sai mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya fashe, abin da ya fito ya nemi dodon koɗi ya shige, ya hayayyafa a ciki, bayan makonni ya fito dubbai ya huda fatar mai wanka. Shi ya sa muke haɗa uku: a sha maganin praziquantel, a daina fitsari a ruwa, a rage ciyawa da shara a magudanai don a hana shi wurin saka ƙwai.

Tsiro kuwa muna da shi, aduwa. Tun 1933 wani likita a Sudan, Archibald, ya rubuta cewa 'ya'yanta na kashe dodon koɗin tsargiya. Amma ina roƙo kada wani ya karanta wannan ya je ya zuba a kududdufin gari, don abin da ke kashe dodon koɗi yana kashe kifi.

Hajiya Maman Yara:
Ni tsohuwa ce, abu ɗaya zan ƙara wa Malam Isa. Ka ce ba ruwanmu da dodon koɗin teku, alhali da ɓawonsa kakanninmu suka yi ciniki a kasuwar Kurmi. Wuri fa? Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka riƙa kawo shi. Kakata tana da ragowarsa a cikin wani ɗan tulu, muna yara muna wasa da shi, ba mu taɓa tunanin wata halitta ce ta rayu a ciki ba.

Zainab:
Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Uwar wuri kuma tata dabarar daban ce: ba ta barin ƙwanta ga yauƙi da ruwa, zama take yi a kansu ta rufe su da ƙafarta har su ƙyanƙyashe.

Kawu, na ji maganarka kuma ban ɗauke ta da wasa ba. In Allah Ya sa na gama, ruwan daɗi nake son komawa.

Sa'adatu:
Ni da na ce shara ce, na janye. Anti Maman Ilham, ina labarin na kwalba?

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri, kwana biyar ban leƙo ba. Ga abin da ya faru. Na ajiye kwalbar a inuwa kusa da taga. Kwana uku na farko ba abin da ya sauya. A na huɗu sai na ga curin ya saki, gefensa ya yi laushi kamar kamu da aka dama da ruwa da yawa. Baban Ilham ya aro mana madubin ƙara girma, muka ɗiba kaɗan a cokali muka haska. Jama'a, ɗigon nan juyawa suke yi! Kowanne a cikin 'yar jakarsa yana kewayawa a hankali ba tsayawa. Wasu kuma sun riga sun fita, suna yawo a ruwan cokalin kamar ƙura a hasken taga. Ilham ta yi shiru ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko suna ganinmu.

Amma yau da safe ruwan ya fara gurɓacewa, kuma na ga waɗansu sun kwanta a gindin kwalba ba sa motsi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Me zan yi?

Zainab:
Anti, abin da kika gani ana ce masa veliger. Yana da ɗan ɓawonsa tun yanzu, da fukafukai biyu masu gashi, da su yake juyawa da iyo da jawo abinci. A teku zai yi yawo cikin ruwa yana cin ƙananan gansakuka kafin ya sauka ƙasa ya zama dodon koɗi. A kwalba ba abinci, oksijin kuma ya kusa ƙarewa. Kada ki ƙara ruwan famfo, zai kashe su nan take. Ki mayar da su yau in da hali, daidai wurin da kika ɗauko, lokacin da ruwa ya fara dawowa. Ki duba jadawalin cikowa a waya kafin ku fita, kuma kada ku yi nisa cikin filin, don a shimfiɗaɗɗen wuri ruwa na zagayo mutum ta baya.

Malam Garba:
Kin ga dalilin tsorona ke nan. Amma abin da yarinyar nan ta gani a cokali, ɗalibaina a allo kawai suke ganinsa. Da damina in sha Allah zan kai su bakin kududdufi da madubi.

Maman Ilham:
Mun dawo yanzu. Mun isa bayan la'asar, ruwa ya fara shigowa ta ƙananan kwari, ɗumi-ɗumi a ƙafa. Ilham ce ta riƙe kwalbar, ta nutsa bakinta a ruwa ta karkata a hankali kamar yadda Zainab ta ce. Ragowar curin ya fita ya yi ɗan lilo, daga nan ban ƙara iya bambanta shi da ruwan ba. A hanyar komowa mun ƙirga sababbi goma sha bakwai a kan laka, ba mu taɓa ko ɗaya ba. Kusa da na ƙarshen akwai ɗan tudun yashi yana matsawa, da layi a bayansa. Muka tsuguna muna kallonsa har ruwa ya iso idon sawunmu.